Gidan Da Ya Haye Teku

Shafi na 17

Ƙarfe ɗaya na rana ta ɗan gota lokacin da hazo ya fara ɗagawa daga kan ruwan Port Ansel. Rana ba ta fito sosai ba, wani farin haske ne kawai, ga iska mai sanyi tana shiga ta wuyan riga.

Babban jirgin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya can waje, don ruwan bakin kwata bai isa ya ɗauke shi ba. Ƙananan jirage ne ke jigilar fasinjoji zuwa gari. A cikin na uku Drusilla Keeping ta zauna, can ƙurya, ta rungume jakarta a kan cinya.

Kwananta shida ke nan a jirgin. An zaga da su tsofaffin garuruwan bakin teku, an nuna musu coci-coci da ganuwa da gidajen attajiran kifi na da, tana bin sahu tana gyaɗa kai kamar kowa. Babu wanda ya san saboda garin nan ɗaya ta shigo. Da gangan ta ƙi zuwa a mota. Mota sai mutum ya ce mata mu tafi take tafiya. Jirgi kuwa ƙarfe biyar zai tashi, ko ƙanenta Hedley ya saurare ta ko ya kore ta. Awa huɗu. Ta ga dai za ta iya ɗaukar awa huɗu.

Wata mata da ke gabanta ta yi shiru ana tsakiyar hira, sai kowa ya waiwaya.

Dutsen ƙanƙara ne. Hazo ya buɗe ya bar shi tsaye a bakin mashiga, ya fi jirginsu tsawo, fari fat, da wata shuɗiyar jijiya ta ratsa shi daga sama har ƙasa. Ruwa na gangarowa daga kafaɗarsa siriri-siriri. Mai tuƙi ya rage wuta ba tare da an roƙe shi ba. Masu ɗaukar hoto ma sai da suka manta da wayoyinsu. Can cikinsa ana jin wata ƙara ƙasa-ƙasa, kamar tsohon gida yana miƙa.

Drusilla ta tashi tana ganin irinsa kowace shekara, amma sai da ita ma ta tsaya kallonsa. Idonta ya wuce shi, ya sauka kan wani baƙin layi can ƙarshen ruwa. Tsibirin Merrow ke nan, inda aka haife ta. Shekara hamsin da bakwai ba a hura wuta a cikinsa ba.

Suka sauka. Mai yi musu jagora ta ɗaga 'yar tutarta, ta tuna musu jirgin ƙarshe zai bar kwata huɗu da rabi, suka bi ta duuu suka hau tudu. An tsaya a coci, an tsaya a tsohon rumbun gishiri. Drusilla ba ta ji komai ba cikin abin da aka faɗa.

Suka karya wata kwana, sai ga shi.

Gidansu. Mai hawa biyu, ruwan ɗorawa, da tagar nan ta sama da ta ɗan karkace tun ranar da aka sa ta. Ta bar shi a Merrow, gefen rijiya, mil goma sha ɗaya daga nan, da teku a tsakani. Ga shi yanzu zaune a kan tudun wasu mutane, tsakanin gidajen wasu mutane, kamar nan aka haife shi.

Ta san labarin. A shekarar da gwamnati ta kwashe mutanen ƙananan tsibirai zuwa manyan garuruwa, waɗanda suka kasa rabuwa da gidajensu sai suka ɗaura musu gangunan mai marasa komai, suka tura su ruwa, jiragen kamun kifi suka ja. Ta ga hotonsa a takardar tallan jirgi a Toronto, shi ya sa ta zo. Amma ita ba ta nan ranar da aka ja shi. Saura mako uku a ja shi ta bar tsibirin, ba wanda ya rako ta kwata.

Ta miƙa hannu ta taɓa katakon bango. Sanyi. Katako ne na gaske.

Baƙi suka yi layi a ƙofar gaba. Ita kuwa ƙafafunta ba su yi shawara da ita ba, suka zagaya da ita baya. A wajensu ƙofar gaba ta baƙon gwamnati ce da akwatin gawa, ɗan gida ta kicin yake shiga kuma ba ya ƙwanƙwasawa. Ta ɗaga sakata sama, ta buga ƙasan ƙofar da gwiwa, ta buɗe.

Wata tsohuwa mai ƙiba tana tsaye gaban murhu, ta ba ta baya, tana soya kwaɓin burodi a man naman alade don baƙi.

"Ta gaba ake shiga, 'yar'uwa," ta ce ba ta juyo ba. Sai cokalin ya tsaya a hannunta. "Wa ya koya miki buga ƙofar nan da gwiwa?"

Ta juyo a hankali. Melvina ce, wadda suka zauna benci ɗaya a makarantar tsibiri.

Suka daɗe suna kallon juna. Man kasko na ta ƙara.

"Dru," in ji Melvina. "Wannan farin gashin na kanti ne ko na Allah?"

"Na Allah ne, Vina. Ke kuma wa ya ce ki cinye rabon mutum uku?"

"Ƙanenki. Ba ya ci, sai in tausaya wa abincin."

"Ke ce kika auri Hedley? Yaron da muke kora in muna hira?"

"To wa zai ɗauke shi in ba ni ba?"

Melvina ta sauke kaskon, ta goge hannu a jikin rigarta, ta goge ido da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne. Ba su rungumi juna ba. Ta dai ja mata kujera, ta gaya mata ƙasa-ƙasa cewa Hedley yana falo da baƙi, kuma gara ta toshe kunne, don yanzu zai iso wurin da ba za ta so ji ba. Kullum jirgi ya zo sai ya faɗa, shekara ashirin ke nan, ita har ta haddace.

Drusilla ba ta toshe ba.

Muryarsa na shigowa ta ƙofar tsakiya, muryar Baba sak, har da jan numfashin nan kafin magana. Yana ba su labarin ranar da aka ja gidan. Jirage bakwai, igiya bakwai, tun asuba har la'asar. Ruwa ya shigo har gwiwa a ɗakin ƙasa. Innarsu ta ƙi fita, ta hau sama da ɗan murhunta ta dafa wa maza shayi a tsakiyar teku, tana miƙo musu ta taga a bakin sanda. Wani babban kifi, irin mai feso ruwa, ya bi su rabin hanya yana leƙen gidan, ya rasa wane irin jirgi ne wannan mai labule. Baƙi suka yi dariya, sannan suka yi tsit, da alama ya nuna musu hoton ranar.

Sai muryar ta sauya.

Ya ce su dubi takardar nan da ke cikin gilashi. Gwamnati ba ta kwashe tsibiri sai gida tara cikin goma sun sa hannu. Merrow gida ashirin ne, sha bakwai suka yarda, saura ɗaya. Babansa, Azariah Keeping, ya rantse a ƙofar coci gaban maza cewa gawarsa ce kawai za ta bar tsibirin. Amma ranar da ma'aikacin gwamnati ya karanta sunaye, sai ga sunansa, na sha takwas.

"Ku duba gefen sunan," in ji Hedley. "Layi biyu ne aka gicciya, irin na kowane wanda bai iya rubutu ba. Babana kuwa yana da alamarsa. Kowane masunci a nan yana da tasa, a jikin taru, a jikin ganga, a jikin wuƙa, don in teku ta watsa kaya a san na wane ne. Tasa layi uku ce, biyu a gicciye, na uku ya tsaga tsakiya. Bai taɓa yin biyu ya tsaya ba. Wani ne ya ci amanarsa, kuma ɗan cikin gida."

Wani baƙo ya tambaya ko wane ne.

"Ta mutu," ya ce.

Drusilla ta miƙe. Melvina ta riga ta, ta ɗauki farantin soyayyen burodi ta shiga falo tana kiran baƙi su fito waje su ci da zafinsa, wanda ya makara ya lashi faranti. Cikin minti biyu ta kwashe su kamar kaji, har da mai tuta.

Falon ya rage mutum biyu.

Hedley dogo ne, ya ranƙwafa, ya sa rigar saƙa mai toka-toka. Yaro ɗan sha huɗu ta bari. Ya dube ta sau ɗaya ya gane ta, ta ga hannunsa ya kama bayan kujera.

"An tashi daga bayani, malama. Baƙi suna waje."

"Hedley."

"Ban san ki ba."

"Ka san ni. Ni na ciro maka ƙugiya daga yatsan nan da kake ɓoyewa."

Ya dubi yatsan, ya sa hannun a aljihu. Ya ce wasiƙunta goma sha ɗaya ya mayar mata ba a buɗe ba, ya ɗauka mai karatu kamarta za ta gane. Ya ce ita da bakinta ta tashi a taro ta ce ita ta sa alamar, yana wurin, yana zaune kusa da Inna, ya ji. Saboda ita Kawu Job ya mutu a ɗakin haya yana kallon bango. Saboda ita Baba ya yi shekara goma sha huɗu a garin nan yana gyaran tarun wasu, mutumin da yake da jirginsa da wurin kamunsa. Yanzu ta zo cikin masu hoto, ta zo kallo.

Ta bar shi har ya gama. Ba ta yi musu da ko ɗaya ba.

"Ciro takardar daga gilashi," ta ce.

"Don me?"

"Kawo ta taga. In ka gani ka ce in tafi, zan tafi, jirgina na jira."

Ya tsaya kamar ba zai yi ba. Sannan ya ciro ta, don dai a gama. Kwafi ce da aka aiko masa daga gidan ajiyar takardu, ta yi ja-ja. Drusilla ta sa gilashin idonta, ta ɗora yatsa sama kaɗan da inda layukan biyu suka haɗu.

"Wannan mene ne?"

"Dattin injin kwafi."

"Duba dai."

Ɗan guntun layi ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ya taso daga sama zai tsaga tsakiya, sai ya tsaya cak.

Ta miƙa hannu ta sauko da ɗaya daga cikin katakan da ke riƙe taru a saman ruwa, waɗanda aka rataya a bango don baƙi su gani, ta ajiye shi gefen takardar. Alamar Baba na jiki, an yanka da wuƙa. Layin farko daga dama, don Baba bahago ne. Na biyu gajere. Na uku daga sama.

A takardar ma layin farko daga dama ya taso. Na biyu gajere.

"Hannunsa ne ya riga shi," ta ce. "Shekara arba'in yana yin uku. Ya fara na ukun kafin ya tuna, sai ya ɗaga alƙalamin. Ina tsaye a gefensa, ni na riƙe masa takardar a kan ganga a rumbun kifi."

Hedley ya matso da takardar kusa da ido, ya nisanta ta, ya sake matsowa.

Ta ba shi sauran a hankali, ba ta ɗaga murya ba. Ta tuna masa sanyin shekarar da ƙanƙara ta rufe mashiga wata biyu, ƙaramin ƙanensu Pleman ya kwana huɗu yana riƙe ciki, likita na can tsallake ba hanyar zuwa. Baba da kansa ya haƙa kabarin da gatari, don ƙasa ta daskare. Bayan nan Inna ta sake samun ciki. Baba ya ce mata ba zai haƙa na biyu ba. Amma ya riga ya rantse, kuma gida biyun da suka rage, Kawu Job da tsoho Eli, saboda shi suka tsaya. In suka ji shi ne ya juya, ba zai ƙara ɗaga kai a gaban namiji ba har ya mutu.

"Sai ya tambaye ni, za ki iya ɗaukar laifin, ki ce ke kika sa? Ya ce ke yarinya ce, za a yi fushi wata ɗaya a manta."

"Ba a manta ba," in ji Melvina daga bakin ƙofa. Ba su ji shigowarta ba.

"Ba a manta ba. Ranar Lahadi mata suka tashi suka bar mini benci ni kaɗai. Har da ke, Vina."

"Har da ni."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?" in ji Hedley. "Bayan ya rasu, me ya sa?"

"Na faɗa. Sau goma sha ɗaya."

Ya zauna a kujerar da ya kama ɗazu. Ya ɗora katakon a gwiwa ɗaya, takardar a ɗaya. Da babban yatsa yake bin yankan wuƙar, ɗaya, biyu, uku, ya koma ya sake.

Drusilla ta ɗaga kai. A bangon da ke gabanta ga hoton da ya nuna wa baƙi, ba ta lura da shi ba sai yanzu. Teku shimfiɗe ba iyaka, babu tudu ko ɗaya a gani, ga gidansu a tsakiya ya nutse har tagogin ƙasa, jirage ƙanana a gabansa kamar tururuwa na jan ƙwaro. Hayaƙi na fita ta tagar sama. A tagar akwai hannun mace.

Ta tsaya tana kallo har ta manta da inda take. Cikin Inna wata bakwai a hoton nan. Ashe haka suka haye.

"Ta sauka lafiya?" ta tambaya.

Melvina ta ce 'ya mace aka haifa a asibitin garin nan, aka yi wa Inna aiki, da a tsibiri ne da an binne su biyu. Sunanta Effie, malamar asibiti ce yanzu a St. John's, jikokinta huɗu. An gaya mata ba ta da yaya mace.

Agogon bango ya buga huɗu.

A waje mai tuta na kiran mutanenta. Ta leƙo ta taga ta ce wa Drusilla su fara sauka, tudun na da santsi. Drusilla ta gyaɗa mata kai. Ta cire gilashi ta mayar jaka. Ta dubi Hedley sau ɗaya. Ta juya.

"Yaya Dru."

Ta tsaya. Shekara hamsin da bakwai ba wanda ya kira ta haka.

Bai ɗago ba, katakon yake kallo.

"Kwana uku Baba ya yi yana kiran sunanki kafin ya cika. Ya ce in rubuta miki ki zo, yana da maganar da zai yi gaban kowa. Na ce masa na rubuta." Ya ja numfashi. "Ban rubuta ba. Na ɗauka zafin ciwo ne."

Melvina ta dafa ƙofa. Da gani ita ma yau ta fara ji.



Hedley ya miƙe, ya ɗauki hularsa a ƙusa, ya fita ta kicin. Suka bi shi. Bai bi hanyar babbar kwata ba inda baƙi ke layi, ya gangara ta bayan gida, ta wata siririyar hanya tsakanin duwatsu, zuwa 'yar kwatarsa ta katako inda jirgin kamun kifinsa ke ɗaure. Ya sauka ciki ya fara duba mai.

"Ina za ka, tsoho?" in ji Melvina.

"Merrow. Can muka binne Baba, kusa da Pleman." Ya ja igiyar inji, bai kama ba, ya sake ja. "Ni ba zan iya tsayawa gabansa ni kaɗai ba."

Melvina ta ce ya yi hankali, zuwa awa ɗaya ne dawowa awa ɗaya, jirgin matar nan biyar zai tashi, kayanta da maganinta da takardunta duk suna ciki, kuma waɗannan mutanen ba sa jiran kowa. Hedley bai ce Drusilla ta shigo ba, bai ce kar ta shigo ba. Injin ya kama.

Can waje babban jirgin ya busa jiniya, doguwa, ta bi ruwa ta daki tudu ta dawo.

Drusilla ta dubi babbar kwata. Ana ta shiga jirgin ƙarshe, mai tuta na tsaye tana ƙirga kawuna tana waige-waige.

Ta miƙa wa Melvina jakarta. Ta juya baya ta kama tsanin katako, ta fara sauka, taki ɗaya, taki biyu. Tsanin jiƙe yake, yatsunta suka ƙage tun kafin ta kai ƙasa. Ta zauna a bencin gaba ta cusa hannuwa a hammata.

Hedley ya kwance igiya. Ya cire safar hannunsa ta saƙa da haƙori, ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye a bencin kusa da ita, ya koma wurin tuƙi yana kallon ruwa.

Ta ɗauka ta sa. Da sauran ɗuminsa a ciki.